Miyar Mairo da Madubin Siddiƙu

"Shekara goma sha ɗaya ina tuƙa tuwo bakin ƙofar ga, ko gudawa ba wanda ya taɓa yi da miyata. Yau ni ce mai guba? Kai kuma ka tsaya kana kallon ƙasa kamar kazar da tsaba ta ɓace ma."

Mairo ke nan, mai tuwon Ƙofar Kware, ta tasa Maigandi gaba a tsakar gidanta. Taubashinta ne, ɗan gwaggonta, kuma kallon ƙasa shi ne sana'a tai. Mai bin sawu ne. In an sace saniya ko jaki daga nan har Dundaye, shi ake kira.

"Ki bar ni da ƙasa," in ji Maigandi. "Ita ba ta yi min tsiwa."

Abin da ya faru ba na wasa ba ne. Ran Juma'a mutane sunka ci tuwo rumfar Mairo. Kafin Talata, Bawa mai jaki ya rasu yana aman jini, Allah shi jiƙan Musulmi. Manoma uku na kwance asibitin Nasara, ciki ya kumbure. Ɗiyan Mairo kuwa, marayu huɗu, ko ciwon kai ba su yi ba. Ga shi dut unguwa ta ji faɗan da ta yi da Bawa sati guda da ya wuce, ran da jakinsa ya fasa mata tukunyar miya, har ta ɗaga murya ta ce sai ta koya mashi hankali.

Ba su ƙare magana ba sai ga sallamar Tambari mai unguwa daga zaure. Maigandi ya fita.

"Jama'a na son su ƙone rumfar," in ji Tambari. "Na riƙe su da ƙyar. Ran Litinin zan miƙa ta ga alƙali."

"Ranka shi daɗe, yau Laraba. A ba ni kwanakin ga."

"An ba ka. Amma guba ba ta da kofato, Maigandi. Ban san mi za ka bi ba."

*

Maigandi ya fara da Dodo mahauci, don shi ke kawo wa Mairo nama. Ya iske shi yana wasa wuƙa, ƙuda sun fi masu saye yawa. Maganar ta riga ta ɓata kasuwar kowa.

"An ce ragon da ka yanka ran Juma'a yana tari."

"Wanda ya ce haka, uwatai ke tari. Akuya na yanka, ja, lafiyayya. Ni na ci, matata ta ci, limamin mahauta ya ci. Ga mu nan, sai dai ƙiba."

"Akuya kaɗai ka kai wa Mairo?"

"Cinya guda da kai. Ka ɗauko Alƙur'ani in dafa."

Maigandi ya bi gidaje biyar da sunka sayi akuyar nan. Kowa lafiya lau. Ya koma ta rijiyar da Mairo ke ɗiban ruwa, don wata tsohuwa ta rantse ta ga an jefa ƙulli ciki. Ya sa anka zura ƙugiya. Tsohon guga ne ya fito. Rabin unguwa na shan rijiyar, ba wanda ya kwanta.

La'asar ta yi bai zauna ba. Ya zaga bayan rumfar Mairo, wurin da take zubar da shara, ya sa tsinin sandarsa yana tonon toka. Ƙashin akuya, ƙashin akuya, ɓawon albasa. Sai ga wani ƙashi mai kauri, an sare shi da gatari. Ya juya shi, ya sake juyawa. Akuyar da ke da haƙarƙari irin wanga ba a haife ta ba tukuna.

*

Ya aje ƙashin gaban Mairo. Tana ganin shi ta gane. Ta kora yara waje.

"Sadaka ce," ta ce daga baya. "Ran Alhamis Bawa ya kawo, cikin mangala. Ya ce wani bawan Allah ne ya yanka saniya ya yi kashi bakwai, gidan marayu da gidajen masu rufin asiri. An hana shi faɗin suna. Ya ce in ɗauki nawa mu yafi juna kan tukunya."

"To don mi ɗiyanki ba su ci ba?"

Ta ja bakin zane ta share hanci. "Hatsi ya ƙare muna. Na ce nama cin rana guda ne, gero na sati. Na kai shi rumfa. Hanta da tsoka na gasa sama-sama, don mutanen ƙauye ba su jira. Bawa da kai nai ya zauna ya ci. Naman marayu na sayar, Maigandi. Da wane baki zan faɗi wanga gaban mai unguwa?"

"Da bakin da kike zagina da shi."

"Wa zai yarda? Shaidana guda, kuma shina cikin kabari."

Gaskiyarta. Maigandi ya miƙe. Ƙafarsa na ƙaiƙayin tafiya, amma bai san inda zai dosa ba.

*

Da safe ya tafi asibitin Nasara, wai ko majinyatan za su iya magana. Ba su iya ba. Wanda ya yi magana Malam Siddiƙu ne, malamin asibiti, wanda ya yi koyo hannun likita Bature. Likitan ya fita rangadi, an bar shi da ɗakin gwaji, wani ɗan ɗaki mai warin magani da kwalabe jere.

"Baba Maigandi, zo ka gani. Kwana biyu abin ga ya hana ni sukuni."

Ya nuna mashi madubin likita, wani ƙarfe mai wuya kamar zalɓe, da ake leƙawa ta sama. Ya ce ya ɗiga jinin ɗaya daga majinyatan bisa gilashi, ya gifta shi kan wuta, ya zuba mashi shuɗin rini kamar baban marina.

Maigandi ya yi bisimilla ya kanne ido ɗaya. Da farko haske kawai. Sannan sai ga wasu 'yan sanduna shuɗɗa, an jera su baki da baki.

"Kamar gaɓoɓin kara."

"Haka na ce ni ma. Ƙwayar cuta ce, mai rai, ido ba ya ganinta. Amma wace ce, ban sani ba. Ban taɓa gamuwa da ita ba."

"To ina amfanin madubin?"

"Baba, in ka ga sawu, nan take kake faɗin sunan mai dabba?"

"A'a. Sai in duba kofato ne ko dagi. Tsagagge ne ko dunƙulalle. Da kaya ko ba kaya."

"Aikinmu guda. Na duba, dunƙulalliya ce ko doguwa? Doguwa. Tana kama rini ko tana saki in an wanke? Tana kamawa. Na sa ta cikin ɗigon ruwa in ga ko tana iyo, don ta zazzaɓin hanji iyo take kamar ɗan kifi. Wagga ko motsi. Ka ga na fid da cuta uku daga zargi."

Ya buɗe wani akwati da fitila ke ɗumamawa, ya fiddo faifan gilashi mai murfi. Ciki akwai romon nama da anka daskarar.

"Jiya na shafa jinin da bai kai kan allura ba. Dubi yau."

Saman romon ya yi tabo-tabo fari, gefensa a murɗe kamar gashin da ba a taje ba.

"Ta hayayyafa," in ji Siddiƙu. "Ka riƙe wanga, Baba. Guba ba ta haihuwa. In ka zuba cokali guda, cokali guda za ka iske."

Maigandi ya ji kamar an sauke mashi dutse, amma rabi. Ya ba shi labarin saniyar.

"Kawo min wani abu nata. Kome."

"An cinye."

"Har fata?"

Maigandi bai ko yi sallama ba.

*

Majema na can gefen gari inda wari ba ya damun masu sarauta. Ya bi rami-rami yana tambaya. Ba wanda ya ga Bawa, ba wanda ya san Bawa, har waɗanda sunka yi mashi salla. Sai ya lura da Junaidu majemi yana kankare fata da hannun hagu, na dama kuma cikin riga.

"Yaushe ka zama bahago, Junaidu?"

"Ƙaya ce ta soke ni."

"Mu ga ƙayar."

Ya fiddo hannun a dole. Ya kumbura har gwiwa, ga wani ƙurji bayan hannu, tsakiyarsa baƙi ƙirin kamar gawayi.

"Ba ya ko ciwo," in ji Junaidu. "Shi ne abin da ke ba ni tsoro."

"Ka ci tuwon Mairo?"

"Ni da ke da mata? Ban taɓa ba."

"Bawa ya kawo maka kirgi?"

Junaidu ya dubi hagu ya dubi dama. "Farar saniya. Ran Alhamis. Bai faɗi mai ita ba. Da na ji ya mutu sai na tura kirgin ƙarƙashin rumbu, kada a ce da hannuna."

Maigandi ya sa shi gaba, kirgin naɗe cikin tsohuwar tabarma, har ɗakin gwaji. Siddiƙu ya ɗebi ruwan ƙurjin, ya kankari cikin fatar, ya yi wuta, ya yi rini. Ya daɗe sunkuye. Maigandi ya kai ƙofa ya komo ya fi sau goma.

"Ita ce," in ji Siddiƙu. "Gaɓoɓin kara, nan da nan. Mutumin da bai ci tuwon ba, da fatar da ba ta shiga tukunya ba." Ya jawo wani littafin likita mai zane, ya yi ta buɗawa, ya tsaya. "Da cikin cututtukan mutane nake nema, shi ya sa na ɓata. Ta dabbobi ce. Fulani sun san ta. Ciwon saifa."

Maigandi ya san sunan. Ya taɓa ganin garke ya ƙare da shi cikin sati. Saniya na kiwo da safe, kafin azahar ta faɗi.

"Zan shafa su bisa romo su kwana, in tabbata," in ji Siddiƙu. "Amma madubi ba zai faɗi mai saniya ba. Wanga naka ne. Kuma ka yi sauri, Baba. Abin ga in ya bushe ba ya mutuwa. Kwanciya yake yi, shina jira."

*

Ran Asabar da hantsi Maigandi ya roƙi matar Bawa aron jakin. Ya duba kofatonsa, na baya na hagu ya tsage gefe. Ya fid da shi Ƙofar Kware, ya saki igiya, ya bi shi a baya. Jaki ba ya manta inda anka ba shi dusa.

Sunka miƙe hanyar Dundaye, gero ya yi kai hagu da dama. Jakin ya tsaya cin ciyawa sau uku, ya ratse wata gona anka kore su da zagi. Maigandi ya fara tunanin ya zama abin dariya, tsoho na bin jaki. Sai dabbar ta saki hanya ta gangara fadama, ta tsaya bakin wani garke ƙarami.

An yi ruwa ran Laraba ta wancan sati, daga nan ba a ƙara ba. Laka ta bushe ta riƙe komi kamar rubutu bisa allo. Ga tsagaggen kofaton jakin, zuwa ba kaya, komowa ya nutse. Ya bi shi har gindin wata ƙirya.

Nan ya durƙusa. Ƙasa ta yi baƙi, faɗin tabarma biyu. Ya san yadda wurin yanka yake. Inda anka kayar da saniya lafiyayya, sai ka ga turmutsutsu, sawun ƙarti huɗu ko biyar, jan igiya, kofato ya kwashe ƙasa. Nan babu ko ɗaya. Sawunta ya zo shina tangaɗi, ya yi zagaye, gwiwa biyu sunka dafa laka. Ba kayar da ita anka yi ba. Ita ta faɗi.

Daga gabas wani sawu ya taho da gaggawa. Takalmi fade, ƙafar dama cikakka, ta hagu tana jan ƙasa, ga ramin sanda mai ƙarfe a gindi kowane taki. Mai shi ya tsaya wajen wuyanta, ya juya ya fuskanci alƙibla.

Maigandi ya daɗe durƙushe. Ya san tafiyar ga. Shekara ashirin shina bin ta zuwa masallaci.

Ya kankari baƙar ƙasar da tsinke cikin kwalbar da Siddiƙu ya ba shi. Ya ce wa makiyayin garken ya janye shanu daga gindin ƙiryar. Bai tambaye shi komi ba. Ba ya so ya ji daga bakin bare.

*

Ran Litinin da safe anka taru zauren Tambari. Dodo na gefe shina hura hanci. Junaidu da hannu rataye. Mairo daga bakin ƙofa, lulluɓe, dogari tsaye kanta. Siddiƙu ya zo da akwatinsa. Anka shimfiɗa buzu ga Malam Hayatu, malamin unguwa, wanda ake kira ko wane zama don shi yi addu'a. Ya shigo shina jan ƙafar hagu, ya jingine sandarsa.

Siddiƙu ya jera faifai huɗu, murfi a rufe, ya ce kada kowa ya taɓa.

"Wanga jinin majinyaci. Wanga ƙurjin Junaidu. Wanga kirgin saniya. Wanga ƙasar Dundaye. Ku duba ko kun ga bambanci."

Tambari ya leƙa, ya ja baya. "Dut ɗaya. Kamar hurhurar tuwo."

"Ciwon saifa ne, ranka shi daɗe. Daga saniya guda ya fito. Ba guba ba ne."

"Wanga aikin Nasara ne," in ji wani daga baya. "Mu mun ga wanda ya ci ya mutu."

"Junaidu bai ci ba," in ji Maigandi. "Ko Mairo ta bi shi majema ta zuba mashi miya a hannu?"

Anka yi 'yar dariya, ta mutu nan da nan. Dodo ya ce, "Ni dai a shaida akuyata ta fita."

Tambari ya juya ga Mairo. Ta faɗi nata, kai sunkuye, har sayar da naman marayu, ba ta rage ba.

"Saniyar wa?" in ji Tambari.

Maigandi ya faɗi abin da laka ta nuna mashi. Tangaɗi, gwiwa biyu, ba igiya. Da ya zo kan sawun mai yanka sai ya tsaya. Bai dubi kowa ba. Sandar da ke jingine jikin bango kawai ya duba, mai ƙarfe a gindi. Zaure ya bi idonsa.

Malam Hayatu ya aje tasbaha.

"Tawa ce," ya ce. "Na je duba garke na iske ta faɗi. Da sauran rai, ta motsa ƙafa, ta kaɗa wutsiya. Na yi bisimilla na yanka kafin ta zama mushe, yadda iyayenmu ke yi. Halal ce, ban yi shakka ba. Na ga jinin baƙi, bai daskare ba, na ce zafin rana ne. Ban kai ko tsoka gidana ba. Na ce tunda Allah ya karɓe ta, bari mabukata su ci."

"Allah shi gafarta Malam," in ji Tambari a hankali, "kwana shida ana cewa matar ga ta kashe mutum."

"An ce guba. Na ce to ba namana ba ne. Na riƙe wagga kalma don ta fi min sauƙi." Ya sunkuyar da kai. "Na yi zargi tun ran da na yi wa Bawa salla. Allah shi yafe min. Mairo, ki yafe min."

Tambari ya yi wa dogari alama, ya matsa daga kanta. "Ba alƙali. Ki koma rumfarki. Wanda ya taɓa ta, ni ya taɓa."

Mutane sunka fara neman takalma. Maigandi ya ji ya kamata shi zauna, karo na farko cikin kwana biyar, amma ƙafarsa ta ƙi. Siddiƙu ma bai rufe akwati ba.

"Saura shida," in ji Siddiƙu. "Kashi bakwai anka yi. Ba mu ji wani gida ya kwanta ba. Ko sun dafa shi ya yi laushi Allah ya tsare, ko kuwa ba su ci ba tukuna."

"Ba su ci ba," in ji Mairo. Ta ɗago kai. "Ku maza ba ku sani ba. Macen da ba ta ga nama ba tun Layya ba ta cinye shi rana guda. Yanyanawa take ta shanya bisa igiya, ta riƙa gutsura wa yaro in ya yi kuka. Yanzu haka shina rataye ɗakin wata."

Malam Hayatu ya runtse ido. "Gidajen mutunci ne. Akwai wanda in an ji ya karɓi sadaka, ba ya ƙara fitowa masallaci. Na yi masu alkawari tsakanina da Allah. Ni da Bawa kaɗai munka sani."

"Sawun jaki ya ɓace cikin gari, Malam," in ji Maigandi. "Dubu sun taka bisa. Ba ni iya bin shi."

Mairo ta taso daga bakin ƙofa, ta ratsa maza, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta durƙusa gaban buzun.

"Malam, ni nawa asirin ya tonu gaban kowa, ga ni ban mutu ba. Na yafe maka duniya da lahira. Ba sai zaure ya ji ba. Ni zan shiga, mace ce ni, in kwance igiyar in fito, ba wanda zai san abin da ya kai ni." Ta matso da kunnenta kusa da shi. "Rana na yi, yara sun fara jin yunwa. Don Allah, Malam, faɗa min gida na farko."